Babi na Biyar: Daga Ɗakin Gawa Zuwa Bakin Ruwa

Karatun likita a jami'o'in Najeriya shekara shida ne. Shekarar farko ta share fage ce, ana maimaita kimiyyar sakandare da zurfi. A ta biyu da ta uku ake shiga ginin jikin ɗan'adam: ƙashi da tsoka da jijiya, yadda zuciya ke harba jini, yadda ƙoda ke tace shi, da yadda abinci ke narkewa ya zama ƙarfi. A nan ne ɗalibi yake fara sa hannu a jikin mutum da niyyar koyo, kuma mutumin gawa ne, an jiƙa shi da magani don kada ya lalace. Sai ya haye babbar jarabawar ƙarshen wannan zango, wadda ke kayar da mutane da yawa, sannan ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya ya shiga cikin marasa lafiya. Rabin zamansa a makaranta ke nan ya wuce bai zauna gaban mai ciwo ya tambaye shi abin da ke damunsa ba.

Wannan rabo yana da tarihi. A 1910 wani malami Ba'amurke, Abraham Flexner, ya zagaya makarantun likita 155 na Amurka da Kanada, ya tarar da yawancinsu kasuwa ce kawai, ana yaye mutanen da ba su san kimiyyar jiki ba. Rahotonsa ya kafa ƙa'idar da ta bazu a duniya: a fara ƙoshi da kimiyya a aji da ɗakin gwaji, daga baya a je asibiti. Namu tsarin ta hannun Ingila ya zo, ta Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, amma rabon iri ɗaya ne. Zariya ta bi sahu a 1967, Kano ta zo daga baya da Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988.

Ƙa'idar ta yi amfani, don ta raba likita da ɗan-baiwa mai cankar magani. Sai dai tun da wuri wasu malamai suka lura da abin da take ɓatawa. Yaron da ya zo da zumuɗin taimakon mutane yakan kai shekara ta uku ya zama mahaddacin sunayen jijiyoyi, ya gaji, ya manta abin da ya kawo shi. A 1952 makarantar likita ta Western Reserve a Amurka ta fara haɗa ɗalibin shekarar farko da mace mai juna biyu, ya bi ta awo, ya ga haihuwa, ya bi lafiyar jaririn. A 1993 hukumar likitocin Birtaniya ta nemi makarantunta su riƙa haɗa ɗalibai da marasa lafiya tun daga farko. Indiya ta sa abin cikin manhajar ƙasa a 2019.

Daga Zariya zuwa Ilori

Mu ma muna da namu labarin, kuma a ƙasar Hausa ya faro. Eldryd Parry, likita ɗan yankin Wales, ya zama farfesan likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello a 1969. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson sun ga mata masu jego suna cika gadajen asibitin Zariya da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza, da yawan da littattafan Turai ba su san irinsa ba. Duba ƙirji kaɗai bai ba su amsa ba. Sai da suka tambayi yadda mai jego ke rayuwa a gida suka ji labarin wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawan gishiri. Bayan shekaru da dama, binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya nuna cewa talauci, da rama, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, da hawan jinin masu ciki suna da hannu babba a wannan ciwo. Amsar ta sauya, amma inda ake nemanta bai sauya ba: a gidan mace, a tukunyarta, a aljihun mijinta.

Da aka naɗa Parry shugaban sabuwar tsangayar likitanci ta Ilori a 1977, sai ya gina wannan darasi cikin manhaja. Tun a shekarun farko ake kai ɗalibai ƙauye su zauna, su ƙidaya gidaje, su duba rijiya da masai, su auna yara. Ibadan tana da irin wannan sansani a Igbo-Ora tun 1963. Zariya tana kai nata Yakawada a ƙaramar hukumar Giwa. Asibitin Malam Aminu Kano kuma yana tafiyar da cibiyar lafiya a Kumbotso, inda ɗaliban Bayero ke koyon lafiyar al'umma. Sai dai a yawancin makarantunmu wannan fita takan zo ne can wajen ƙarshen karatu, bayan idon ɗalibi ya riga ya saba da kallon mutum a matsayin mai gado lamba kaza.

Abin da ruwan Tiga ya zo da shi

Wanda yake son ganin dalilin da ya sa ya kamata a fita da wuri, to ya kama hanyar Zariya daga Kano, ya yi tafiyar kimanin kilomita 30, ya tsaya a Kura.

A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka gama a 1974. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa, ba inji, ta babbar magudana da rassanta zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Ƙasar da a da take hutawa da zarar an yi girbi ta koma noma ba rani ba damina. Shinkafa da damina. Alkama, tumatir, albasa da masara da rani. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan tana loda motoci zuwa kudu. Kura ta cika da injinan casa, mata na turara shinkafa, 'yan ci-rani na kwararowa neman aikin gona.

Arziki ya shigo, kuma bai shigo shi kaɗai ba. Ruwa mai tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe, shi ne gidan wasu ƙananan dodon koɗi da ke raino tsutsar tsargiya. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga dodon koɗi su yaɗu, su fito dubbai suna iyo. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke hudawa su shiga jikin yaron da ke wanka, ko matar da ke wanki, ko manomin da ya tsaya cikin fadamar shinkafa yana dashe. In tsutsar ta girma takan zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwanta su yi ta yin miki a ciki, shi ya sa ake ganin jini a ƙarshen fitsari. In ta daɗe tana iya toshe hanyar fitsari, ta lalata ƙoda, har ta kai ga dajin mafitsara. Maganinta ƙwaya ce mai suna firazikwantel, wadda akan raba a makarantu bayan an auna tsawon yaro da sanda. Amma yaron da ya sha yau, jibi zai koma ruwa, domin a nan ake wanka, a nan kuma ake neman abinci.

Ɗalibi zai karanta duk wannan a littafi, ya zana shi a jarabawa, ya ci maki. Wanda ya tsaya bakin magudana da azahar ya ga yara suna tsalle a ciki, sannan ya shiga aji ya tambayi masu fitsarin jini su ɗaga hannu, ya ga wasu na dariya don a wurinsu ba ciwo ba ne, alamar girma ce, wannan ya san wani abu dabam. Ya san cewa rubuta ƙwaya a takarda ƙaramin yanki ne na aikin. Gani ya kori ji.

Haka zazzabin cizon sauro. Littafi zai ce masa cutar damina ce a arewa, shi ya sa ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata a watannin ruwa. A ƙasar noman rani kuwa ruwa na kwance a kwamin gona har tsakiyar bazara, sauro bai rasa wurin ƙwai ba. Haka kuma maganin feshi. Saurayi ya goya tankin feshi ba takalmi ba safar hannu, iska ta juyo masa da shi a fuska. Ko a zuba fiya-fiya a robar lemo, yaro ya ɗauka ya sha. Za a kawo shi yana dalalar da yawu, gumi ya jiƙa shi, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi na sarƙewa, wataƙila an riga an ɗura masa manja ko madara a hanya, abin da zai iya kwarara cikin huhu. Ɗalibin shekara ta biyu da ya ga wannan sau ɗaya, kuma ya ga yadda allurar atirofin ke busar da ƙirjin, ba zai sake haddace darasin yadda jijiya ke aika saƙo ga tsoka don jarabawa kawai ba. Ya ga abin da ke faruwa idan saƙon ya ƙi tsayawa.

Ba Kura kaɗai ke da wannan hali ba. A Sudan, aikin noman rani na Jazira, wanda madatsar Sennar ta fara shayarwa a 1925, ya kawo auduga tare da tsargiya da zazzabi. Yanki ne da Hausawa suka daɗe da zama, har da garin Mai Wurno na zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka kafa Jami'ar Jazira a Wad Madani a 1975, sai aka gina karatun likitanta a kan matsalolin ƙauyukan da ke kewaye da ita, ana tura ɗalibai cikinsu tun da wuri. Ƙasar noma ita ce ta zama ajin.

Abin da ke samun ɗalibi

Kura ta san koyon sana'a tun kafin zuwan boko, domin gari ne na marina, inda rawanin ɗan Kura mai ƙyalli ya samo suna har ƙasar Buzaye. Yaron marina ba a zaunar da shi shekara uku ana karanta masa yadda baba ke haɗuwa da toka. Yana bakin karofi tun ranar farko, yana ɗebo ruwa, yana shanya, yana kallon hannun maigida. Ba a ba shi turmin mutane ya rina, amma hancinsa na koyon warin rinin da ya nuna. Abin da ake nema wa ɗalibin likita ke nan: ya tsaya kusa, ya yi ƙaramin aiki, ya gani.

Abu na farko da yake tarar da shi tsoro ne. Warin ɗakin marasa lafiya, jinin wanda aka ɗauko daga hatsarin mota a kan babban titi, kukan mai naƙuda, duk sukan sa gwiwa ta yi sanyi, wasu har jiri ya kwashe su. Masu koyarwa sun san wannan, kuma gara ya faru a shekara ta biyu, lokacin da ba a jiran komai daga hannun ɗalibi, da ya faru ranar da aka miƙa masa allura.

Na biyu nauyin farar riga. Da zarar ya sa ta, dattijon da ya haifi ubansa zai rusuna ya ce, "Likita, a taimaka a duba min yaron nan." A nan ake gane tarbiyya. Mai gaskiya zai ce, "Baba, ni ɗalibi ne, bari in kira muku likitan." Wanda ya ji daɗin sunan ya yi shiru ya fara koyon mugun hali tun bai iya komai ba.

Na uku koyon tambaya. Karatunsa duk da Turanci ne, mara lafiya kuwa da Hausa yake ciwo, wani da Fulatanci. Ya gaida tsohuwa, "Sannu Inna, yaya jikin?" ta ce, "Da sauƙi," alhali ko zama ba ta iya yi, domin haka ladabi da tawakkali suka koya mata. Ya tambayi mace 'ya'yanta nawa, ta tsallake ɗan fari saboda kunya, ko ta ƙidaya masu rai kawai ta bar waɗanda suka koma. Ba za ta yi maganar jinin da ke zubar mata gaban surukarta ba, ba kuma lalle ta yi wa saurayi sa'an ɗanta ba. Sai ya koyi sallamar masu rakiya cikin mutunci, ya koyi kiran nas mace ta tsaya, ya koyi tambayar abin da aka sha kafin a zo ba tare da faɗa ba. Kusan kowa ya biya ta kemis, ko wajen mai magani, ko wanzami, ko malam, kuma wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya ba zai sake faɗa ba.

Na huɗu lissafin kuɗi. A asibitin koyarwa ɗalibi yana jin ana cewa "an kawo shi a makare," kamar laifi ne. A Kura zai ga dalilin makarar. Kuɗin manomi yana cikin gona, a taki da iri da ladan 'yan ƙwadago, ba ya fitowa sai an yi girbi. Tumatir ba ya jiran kowa, in ya nuna sai a tsinke shi ranar. Maigida na can gona, matar kuma ba ta fita sai da izninsa. Wanda ya ga wannan, idan ya zama likita zai tambayi farashin magani kafin ya rubuta shi.

Akwai kuma abin da yake koya game da abokan aiki. A asibitin karkara nas da ungozoma da jami'in lafiyar al'umma su ne ginshiƙi. Ɗalibin da ungozoma ta koya wa awon ciki, ko mai ba da kati ya nuna masa yadda ake bin layi, da wuya ya raina su daga baya. A 2006 Tim Dornan da abokan aikinsa sun tattara nazarce-nazarce 73 a kan wannan batu daga ƙasashe daban-daban, suka ga abu ɗaya yana maimaituwa: ɗaliban da suka haɗu da marasa lafiya da wuri sun fi samun ƙwarin gwiwa da tausayi, sun fi sanin abin da suke karantawa dominsa.

Haƙƙin wanda ake koyo a jikinsa

Duk wannan riba ce ta ɗalibi. Matar da ke kwance ba don ta koyar ta zo ba. Kuma sanannen abu ne cewa a jikin talaka ake koyon likitanci. Mai hali yana ɗaki na musamman, ba a tara masa yara goma sha biyar a ka.

Mutanen Kano suna da dalilin yin taka-tsantsan da baƙo mai farar riga. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa da yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Goma sha ɗaya sun rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin jiha a 2009. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin rigakafin shan-inna a 2003, wanda ya mayar da aikin baya shekaru. Sai da aka koma ta hannun sarakuna da malamai da matan unguwa masu shiga gida-gida aka dawo da yarda, har aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar shan-inna daga Najeriya a 2020.

Saboda haka fitar ɗalibai tana da sharuɗɗa. A shiga ta ƙofa: hakimi, dagaci, mai unguwa, limami, sannan maigida, domin da ɗan gari akan ci gari. A faɗa wa mara lafiya cewa waɗannan ɗalibai ne, a nemi izninsa, kuma in ya ƙi kada a rage masa kulawa. A rage yawansu, biyu ko uku a gado ɗaya. A iyakance abin da hannunsu zai taɓa: awon zafi da hawan jini, nauyin yara, sauraro da rubutu, ba ɗinki ko rubuta magani ba. A sa musu malami mai lokaci, domin likita ɗaya da layin mutum ɗari ke jira ba zai iya koyarwa ba, sai dai ya bar su tsaye jikin bango, su koma da tunanin cewa asibitin ƙauye wurin wahala ne kawai. A kuma zauna da su da yamma a tambaye su abin da suka gani, musamman ranar da aka yi rashi.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne a bar wa gari wani abu. Idan ɗalibai sun karɓi fitsarin 'yan makaranta sun duba, to a dawo da sakamako da magani. Garin da ake zuwa kowace shekara ana yi masa tambayoyi iri ɗaya, ana cika takardu ana tafiya, zai gaji, kuma yana da gaskiya.

Wa zai dawo?

Akwai wani dalili da ya wuce tarbiyyar ɗalibi ɗaya. Likitocinmu sun taru a birane, da yawa kuma suna haɗa takardun tafiya Ingila ko Saudiyya tun suna aikin horon shekara ɗaya. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 kan yadda za a riƙe ma'aikatan lafiya a karkara, daga cikin waɗanda suka shafi makaranta kai tsaye akwai waɗannan biyu: a ɗauki 'ya'yan karkara karatun, a kuma kai ɗalibai karkara suna cikin karatu. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya hango haka tun yana ministan lafiya, lokacin da a 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 ya haɗa su da makarantun koyon aikin lafiya don su zama abin koyi.

Kura tana da babban asibiti, kewayenta akwai ƙananan cibiyoyin lafiya, tana kan titi, kuma ɗalibi zai iya barin Kano da safe ya koma kafin magariba. Abin da ake bukata mota ce, da malami, da yarjejeniya tsakanin jami'a da ma'aikatar lafiya, da rana ɗaya a wata tun daga shekara ta biyu, a ba kowane ɗalibi gida ɗaya da zai riƙa bi har ya gama. Wannan ba zai hana kowa tafiya ba; albashi da kayan aiki da tsaro su ke yanke wannan hukunci, kuma su ne batun babi na gaba. Amma likitan da aka tura Bunkure bayan ya shekara biyar yana bin lafiyar wani gida a yankin, ya san lokacin dashe da lokacin girbi, ya san wa ake gaisarwa kafin a shiga gari, zai fara aiki ranar da ya sauka. Wanda bai taɓa wuce gadar Tamburawa da ke hanyar Kura ba kuwa, wata shidan farko neman hanyar canjin wurin aiki zai yi.